Skof ɗin waje a rum ɗin daren Asabar: dabara ce ko ha'inci?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum 'yan gida. Na so in yi shiru amma abin da ya faru a rum ɗinmu na PUBG Mobile, wato ɗakin wasa na musamman da Mai Shagon Caji ke buɗe mana, ya tsaya mani a rai tun jiya. A wasa na ukku, wanda muka buga a taswirar Miramar, saura mutum tara, ina kwance bayan dutse can saman tudu, hular kwanona mai lamba 2 ko ƙwarzane babu. Sai ji na yi tas, na faɗi. Bindigar Kar98k, a kai. Na ce to, wani ya samu 8x, skof ɗin nan, wato madubin bindiga, mai janyo nesa sau takwas, Allah ya ba shi sa'a. Da na koma kallon wanda ya kashe ni, wallahi red dot, jan ɗigon saitin nan da ba ya janyo nesa, shi ne kawai a kan bindigarshi. Daga inda yake zuwa inda nake, da red dot ko dutsen da na ɓuya bayanshi da ƙyar za ka gane. A gabana ya ƙara sauke mutum biyu haka. Yau da safe yaron da ya zamna kusa da shi a shago ya ce mani akwai wani zagayayyen gilashi da ke fitowa a tsakiyar allon wayarshi, yana janyo hoto. Ban kira suna ba. Amma data 10GB aka sa kyauta, kuma shi ya ɗauka. Ina son a faɗa mani ko haka ake yi yanzu, in je in sauke nawa.

Mai Shagon Caji: Wa alaikumus salam. A bi a hankali don Allah, ban da zagi. Ni na buɗe rum ɗin, ni na sa kyautar, don haka ina sauraren kowa.

Maharbin Kwaɗo: Ba sai ka kira suna ba, ni ne. Kuma ban ɓoye ma kowa ba, a bainar jama'a nake wasana, bisa bencin shago. Manhajar ƙara girman hoto ce. Ba ta harba mani, ba ta nuna mani mutum ta bayan bango, ba ta riƙe mani bindiga in tana tsalle. Hannuna ne ya saita, idona ne ya gani. In wannan maguɗi ne, to mai sa tabarau ma ya cire nashi kafin ya shigo rum.

Autan Layout: Kai! Ashe dai ruwa ba ya tsami banza. Ni ma sau biyu yana kwashe ni satin da ya wuce, na ɗauka asiri ne.

Ɗan Ƙofar Marusa: Tabarau gyara ido yake ya dawo daidai da na kowa. Naka wuce na kowa yake. Kada ka haɗa su.

Maharbin Kwaɗo: Daidai da na kowa? Wane kowa? Akwai mutum biyu a gidan nan da ke buga wasa da iPad. Allonsu ya ninka nawa, ga shi yana nuna masu sama da ƙasa fiye da yadda waya ke nunawa. Akwai masu wayar da ke ba su 90 fps, hoto 90 a daƙiƙa, ni tawa RAM 3 ce, in ta yi zafi sai in ga mutum nan, in ƙifta ido ya koma can. Ba wanda ya taɓa cewa su fita. Mai kuɗɗi ya sayi nashi fifikon a kasuwa an ce halal, talaka ya sauke nashi kyauta an ce ɓarawo. An bar jaki ana dukan taiki.

Injiniyan Batagarawa: Ku ba ni dama in raba abin, don na ga ana cakuɗa abubuwa ukku da sunan "zum".

Akwai wanda ake taɓa fayilolin wasan kanshi, ko a sauke APK da aka yi ma kwaskwarima, a canza faɗin abin da kyamara ke ɗauka. Wannan ba ma sai an tsaya gardama ba, shi ne masu wasan ke farauta, kuma a PUBG Mobile hukuncin yana kai dakatarwar shekara 10. Akwai kuma wanda ke zuwa a jikin allon kwamfuta, wasu na'urorin MSI da Gigabyte suna da shi, allon da kanshi ke ƙara girman tsakiya, wasan bai ma san ana yi ba. Sai na ukku, irin na Maharbi, manhajar da ke ɗaukar hoton abin da ke kan allo ta buɗa shi ta ɗora a sama. Ko Android kanta tana da makamancin haka a sashen da aka ware ma masu raunin gani.

To ga inda bambancin yake. In ka buɗe 4x na cikin wasa, wayar sake zana wurin take daga farko, da ƙunƙuntar kusurwa, shi ya sa mutumin da ke nesa ke fitowa tar da hannu da ƙafa. Manhajar waje ba ta da ikon sake zana komai. Abin da ke allon shi take miƙewa. A ce abokin gaba ɗigo biyar ne a allonka mai 720, to ɗigo biyar ɗin nan za ta kumbura maka su zama manyan ɗigo biyar. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ka kai a buga maka shi girman kalanda.

Maharbin Kwaɗo: Yauwa Injiniya, Allah ya biya. Kun ji ko? Ba ta ƙara mani komai.

Injiniyan Batagarawa: Tsaya, ban gama ba. Ban ce ba ta ƙara komai ba. Ba ta ƙara bayani a hoton, amma tana ƙara ma idonka sauƙin ganin motsi, kuma tana sa ka ga daidai inda jan ɗigon ya zauna a jikin mutum. A harbin nesa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ba ta da amfani da ba ka bar ta tana cin batirinka tana ƙara ma wayar zafi ba.

'Yar Daura: Ni dai abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne wahalar da ake sha kafin a samu skof. Jiya a wannan wasan na sauka garin Pecado, na shiga gida ya fi goma ina neman ko 4x ne, a nan aka kashe abokiyar wasana. Neman skof ɗin ai yana cikin wasan. Don shi ake shiga gari mai haɗari, don shi ake bin akwatin da jirgi ya sako alhali an san kowa ya ga jan hayaƙin. Kai kuwa ka sauka da naka a aljihu tun daga cikin jirgi. Ka tsinci Kar98k a bukkar farko, shi ke nan ka haye tudu ka zauna. Mu muna biya da rai, kai ka shiga ta taga.

Autan Layout: Anti ta gama magana. A rufe taro.

Maharbin Kwaɗo: Hajiya, da girmanki, amma sa'a ma ai tana cikin wasan. Wani yana sauka ya tarar da 8x a ɗakin farko. Shi wa ya biya?

'Yar Daura: Shi yau ya samu, gobe ya rasa. Kai kullum kana samu. Sa'ar da ba ta taɓa kuskure ba sunanta sa'a ba.

Yaya Babba Na Rafin Daɗi: Ku yara kuna ba ni dariya. Mu da muka fara da Counter-Strike a shagunan intanet, lokacin ana sayen awa, mun ga irin wannan tun kafin a haifi wasunku. Bindigar AWP in ba ka buɗe madubinta ba babu alamar saiti a allo, da gangan aka yi haka. Sai wani ya tauna cingam ya manna ɗan ƙaramin ɗigo a tsakiyar gilashin, ko ya ɗiga biro. Mai shago ya zo yana faɗa an ɓata mashi allo. A lokacin ma an yi wannan musun, wasu su ce ai cingam ba manhaja ba ce. Abin da muka tsaya a kai shi ne, duk abin da ba za ka so abokin karawarka ya leƙo ya gani ba, to ka san matsayinshi.

Maharbin Kwaɗo: Yaya ai na ce a fili nake yi.

Yaya Babba Na Rafin Daɗi: A fili ga mutum huɗun da ke kan benci. Sauran da ke Daura da Dutsin-Ma da Funtuwa fa, ta ina suka gani? Ka rubuta a nan kafin a fara cewa kana da shi?

Maharbin Kwaɗo: Ba a tambaya ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: "Ba a tambaya ba." Allah mai iko.

Mai Shagon Caji: A nan kam laifi na ne, in faɗi gaskiya. Dokar da na rubuta ita ce ban da hak, ban da kwamfuta, ban da haɗa baki tsakanin tawaga biyu. Ban kawo zancen zum ba don ban san da shi ba. Kwamfuta ma na hana ta ne saboda wasan da kanshi yana ware masu GameLoop, manhajar buga shi a kwamfuta, ya haɗa su da junansu, na ga ba dalilin da za mu cakuɗa su da masu waya.

Malam Na Ƙofar Soro: Assalamu alaikum. Ni ba na buga wannan wasa, ƙanena ya sa ni a gidan nan don in riƙa ganin abin da yake ciki, amma ku ba ni aron minti biyu. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ku lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba. Ɓoyewar aka hana. To ɗan'uwa, in da ka sanar, aka yarda, babu mai magana. Tunda akwai kyauta a tsakani, abin ya tashi daga wasa kawai ya zama haƙƙi.

Sannan ina da tambaya ga mai shago. Datar nan, karo-karo 'yan wasa suka yi wanda ya ci ya kwashe, ko kai ka bayar daga aljihunka? Don in na farko ne, akwai matsalar da ta fi zum girma.

Mai Shagon Caji: Daga aljihuna ne Malam, ba a karɓi ko sisin kowa ba. Talla ce nake ma shago.

Malam Na Ƙofar Soro: To madalla. Saura kuma a riƙa tashi in an kira Isha'i, don ƙanena ya ce mani "da'ira ta kusa rufewa" ya fi sau ashirin.

Autan Layout: Malam ai in ka fita ana tsakiyar wasa tawagarka ka kashe.

Malam Na Ƙofar Soro: Sai a fara bayan an sallame.

Na Tashar Daura: Ni zan ɗan goyi bayan Maharbi, ko da za a yi mani ca. Maganar iPad da ya kawo ba a amsa ta ba, an tsallake ne. Ni Free Fire na fi bugawa saboda ita wayata ke ɗauka, mutum 50, minti goma an gama. Amma duk ranar da na shigo rum ɗinku na san ni abincin masu manyan waya ne. Kafin hotona ya gama fitowa an kashe ni. Ga sabis, wani yana wasa da fin, wato jinkirin sabis, 60, ni ina fama da 200 saboda unguwarmu. Waɗannan duk fifiko ne da ba hannu ya kawo su ba. In za a yi adalci a yi shi gaba ɗaya. Kada a kama mai ƙaramar dabara a bar mai babbar.

'Yar Daura: Ɗan garinmu, bambancin shi ne masu wasan sun san da iPad, su suka yi mata sigar da take hawa. Sun san da gyroscope, abin da ke sa ka saita bindiga ta karkata waya, su suka sa shi a saiti, kowa na iya kunnawa. Sun sa wurin da za ka faɗaɗa kyamara, sun sa 6x da kake iya rage shi zuwa 3x. Duk abin da ke cikin saiti na kowa ne. Abin da ka ɗauko daga waje ka ɗora a kai, sharuɗɗan da ka danna "na yarda" ba ka karanta ba sun hana shi.

Na Tashar Daura: Na kowa ne in wayarka tana da shi. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da gyroscope na gaske.

Injiniyan Batagarawa: Wannan gaskiya ne, kuma ni ban ga laifi ba in an raba rum, na masu iPad daban. A manyan gasa ma ai ba a barin kowa ya zo da abin da ya ga dama, waya iri ɗaya ake ba 'yan wasa a kan dandamali, saboda wannan matsalar. Amma rashin adalci ɗaya ba ya wanke wani. Ɗan dambe in ya ga abokin karawarshi ya fi shi tsawon hannu, ba ya naɗe ƙarfe cikin kara ya ce ya daidaita.

Kuma Maharbi, akwai abin da ya fi damuna da datar nan. A ina ka sauke manhajar?

Maharbin Kwaɗo: Wani ya turo a Telegram. Ta Play Store ɗin talla ta yi mata yawa.

Injiniyan Batagarawa: Inna lillahi. Wane izini ta nema?

Maharbin Kwaɗo: Na fitowa a saman sauran manhajoji, da na ɗaukar allo, da wani na accessibility.

Injiniyan Batagarawa: To saurara da kyau. Waɗannan ukkun su ne daidai abin da manhajojin satar banki ke nema. Izinin ɗaukar allo yana nufin tana iya ganin abin da kake gani. Na accessibility yana ba ta damar karanta rubutun da ke allo, har ta danna maɓalli a madadinka. Na fitowa a sama kuma da shi ake ɗora shafin bogi a kan na gaskiya, ka zuba lambar sirrinka kana zaton bankinka ne. Ban ce taka tana yi ba, ban gan ta ba. Amma a wayar nan kake karɓar kuɗɗin ɗinki, a nan lambar OTP ke shigowa. Ka ba baƙon da ba ka san fuskarshi ba makullin ɗaki saboda data 10GB. Garin neman gira.

Autan Layout: Ni wata "headshot panel" na taɓa saukewa ta Free Fire, kwana biyu aka rufe mani akawun, da duk diamond ɗin da na tara tun ina aji ukku. Na yi kuka wallahi, Umma ta ɗauka wani ya rasu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Kai ma ashe kana ciki, kake ta zuga.

Autan Layout: Na tuba tun tuni Yaya.

Maharbin Kwaɗo: Maganar banki ta shige ni, zan cire ta daren nan. Amma ina nan a kan bakana cewa ba ita ta ci mani wasa ba. Kar98k harsashi biyar take ɗauka, kowane harbi sai ka ja ƙugiya. Harsashin yana faɗuwa in nisa ya yi yawa, mutum yana gudu sai ka harba gabanshi. Gilashin bai lissafa mani ko ɗaya. Hasali ma wahala yake ƙara mani, don saurin juyawar allon na red dot ne, ɗan motsi kaɗan sai hoton ya yi tsalle. Na fi wata biyu ina koyon riƙe shi. Ku ba Auta manhajar ku gani ko zai sami ko ɗaya.

Yaya Babba Na Rafin Daɗi: Ba wanda ya ce ba ka iya ba, ƙanena. Maradona ma ya iya, a wasan nan na 1986 da Ingila ya ci ƙwallon da har yau ake nunawa, ya yanke mutum biyar. Amma ta farkon da hannu ya sa ta, kuma ita ma har yau ana faɗa. Iyawarka ce ma ta sa abin ya ba mutane haushi. Wata biyun da ka kashe kana koyon gilashi, da 4x ka koya da yanzu ba mai ja da kai.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ni ba datar nake so ba. Na biyu ma ban zo ba. Tawagar Hajiya ce ta zo ta biyu.

'Yar Daura: Mu ma ba ma son kyautar da aka ƙwato daga hannun wani. A sake bugawa kawai. In ya ci ba gilashi, ni da kaina zan ƙara mashi 2GB.

Maharbin Kwaɗo: Na karɓa. Amma datar na riga na ci rabi, kallon ƙwallo na yi da ita.

Na Tashar Daura: To maganar iPad fa? Ko an binne ta ke nan?

Mai Shagon Caji: Ba a binne ba. Ga abin da na yanke, wanda bai gamsu ba ya same ni a shago. Datar jiya ta tafi, tunda ban rubuta dokar ba ba zan karɓe ba. Daga yau duk wata manhaja da ke ɗora wani abu a kan allon wasa, zum ne, alamar saiti ce, ko mene ne, babu ita a rum ɗina. Wanda ya zo na ɗaya da na biyu zai turo bidiyon allonshi na da'ira biyun ƙarshe, wato ƙarshen wasan da fili ke tsukewa, kafin in tura kyauta. Masu iPad ku biyu, ko ku ari waya ko ku buga ba kyauta, ku zaɓa.

Injiniyan Batagarawa: Bidiyon allo yana ƙara ma ƙananan wayoyi nauyi fa, kuma zum ɗin Android ba kullum yake fitowa a bidiyo ba. Wanda ke cikin gari gara ya zo shago a gan shi.

Mai Shagon Caji: Benci biyu gare ni Injiniya, ba filin Karkanda ba. Na cikin gari su zo, na nesa su yi bidiyo, mu gwada haka mu gani.

Mai iPad Na GRA: Yanzu na shigo na tarar an yanke mani hukunci ba a ji ta bakina ba. Ni mi na yi?

Autan Layout: Kuɗɗi ka yi.

Mai Shagon Caji: Asabar, ƙarfe tara, bayan Isha'i saboda Malam. Miramar za a maimaita. Zan turo lambar rum da kalmar sirri saura minti goma. Maharbi ka biyo da wayar gobe da rana Injiniya ya duba ta, kuma ka canza lambar sirrin bankinka kafin ka kwanta.

Maharbin Kwaɗo: Sai dai bayan La'asar, ina da kayan biki da zan miƙa. Wa zai ara mani caja mai tsawo ranar Asabar? Tawa ba ta kai bencin baya.